Dokar Hana Yada Zango Ba Izini a Ingila da Wales: Matafiya da Mazauna Jiragen Ruwa

Dokar hana yada zango ba izini wani sashe ne na babbar dokar 'yan sanda da laifuffuka da hukunci da kotuna ta Birtaniya, wadda aka gabatar da ƙudurinta a majalisa ranar 9 ga Maris 2021, Sarauniya ta sa mata hannu ranar 28 ga Afrilu 2022, sashe na huɗu kuma, wanda shi ne ya shafi zango, ya fara aiki ranar 28 ga Yuni 2022. Sashen ya mayar da zama a cikin abin hawa a filin wani ba da yardarsa ba laifi da za a iya ɗaure mutum a kansa, alhali a da, a Ingila da Wales, shiga filin wani galibi rikici ne tsakanin mai fili da wanda ya shiga, wanda ake warwarewa a kotu ba tare da an kira kowa mai laifi ba. Dokar ba ta ambaci sunan wata ƙabila ba, amma tun daga muhawarar farko kowa ya san waɗanda za ta fi faɗawa: 'yan Romani da Matafiyan Ailan, waɗanda gidajensu ke kan taya. Mazauna jiragen ruwa ma sun shiga sahun masu adawa da ita, ko da yake matsayinsu a ƙarƙashinta ya bambanta.

Mutanen da abin ya shafa

'Yan Romani, waɗanda asalinsu ya komo daga arewacin Indiya, sun shafe fiye da shekara 500 a Birtaniya, kuma tun a 1530, zamanin Sarki Henry na Takwas, aka yi dokar korarsu daga ƙasar, a 1554 kuma aka ƙara da hukuncin kisa ga wanda ya ƙi fita. Matafiyan Ailan al'umma ce dabam, mai harshenta da tarihinta. Kotunan Ingila sun amince cewa kowace daga cikinsu ƙabila ce da doka ta hana a nuna wa wariya, kuma dokar daidaito ta 2010 tana ba su wannan kariya. Ba makiyaya ba ne. Yawonsu na neman aiki ne, irin su aikin gona na lokacin girbi, da sare itatuwa, da gyaran rufi da shimfiɗa kwalta, da cinikin dawakai da ƙarafa, sai kuma biki da jana'iza da kasuwannin shekara-shekara kamar ta dawakai a garin Appleby. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kimanin 68,000 a Ingila da Wales da suka bayyana kansu a wannan rukuni, amma ƙungiyoyinsu na ganin adadin ya ninka haka sau da yawa, domin mutane da dama suna ɓoye asalinsu. Akasarinsu a yau suna zaune ne a gidajen bulo, kuma daga cikin masu zama a karafan, wato ɗakin kwana mai taya da mota ke ja, mafi rinjaye suna kan filayen da hukuma ta amince da su. Ragowar, waɗanda ba su da gurbi a ko'ina, su ne dokar ta dosa.

Yadda wuraren tsayawa suka ƙare

Ba za a fahimci dokar 2022 ba sai an koma baya a ga yadda aka riƙa rufe wuraren da matafiya suka gada suna sauka. Wata doka ta 1960 ta ba ƙananan hukumomi ikon hana ajiye karafan a filayen gama-gari, aka toshe yawancinsu da ramuka da tarin ƙasa da duwatsu. Da abin ya yi tsanani, sai ɗan majalisa Eric Lubbock ya kawo dokar 1968, wadda ta wajabta wa ƙananan hukumomi su tanadi zango ga matafiyan yankinsu. An gina ɗaruruwan zanguna a ƙarƙashinta, ko da yake da yawa an kai su gefen juji ko ƙarƙashin gadar babbar hanya, inda ba wanda zai so ya reni 'ya'yansa. A 1994 gwamnatin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta soke wannan wajibci, ta ce matafiya su sayi filayensu su nemi izinin zama, a cikin wannan doka kuma ta ba 'yan sanda ikon korar masu zango idan motocinsu sun kai shida, ko sun yi ɓarna, ko sun yi barazana. Waɗanda suka bi shawarar suka sayi fili sun sha tarar da cewa izinin zama a kansa ba ya samuwa. Fitaccen misali shi ne Dale Farm a yankin Essex, inda a Oktoba 2011 aka tashi iyalai da dama daga filin da yake mallakarsu, saboda ba su da izinin zama a wurin.

A farkon 2021 ƙungiyar Friends, Families and Travellers, mai kare haƙƙin matafiya, ta bayyana sakamakon bincikenta cewa iyalai 1,696 ne ke jiran gurbi a zangunan hukuma a Ingila, alhali guraben dindindin da ba kowa a kai 59 ne, na wucin gadi kuma 42. Wannan lissafi shi ne ƙashin bayan duk wata hujja ta masu adawa da dokar.

Abin da dokar ta tanada

Jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta yi alkawari a zaɓen 2019 cewa za ta mayar da kutse da gangan laifi, ma'aikatar cikin gida kuma, ƙarƙashin ministarta ta lokacin, Priti Patel, ta nemi ra'ayin jama'a daga Nuwamba 2019 zuwa Maris 2020, tana kafa misali da ƙasar Ailan, wadda ta yi irin wannan doka tun 2002. Faɗin alkawarin ya firgita masu yawon daji da masu keke da masu kwana a tanti, har mutum fiye da 130,000 suka sa hannu a takardar koke da aka yi muhawara a kanta a majalisa a Afrilu 2021. Gwamnati ta ƙuntata ƙudurin ya tsaya kan masu zama a cikin abin hawa, wanda hakan ya kwantar da hankalin masu yawon shaƙatawa, ya kuma bar matafiya su kaɗai a tsakiyar fili.

Kamar yadda aka rubuta dokar a 2022, laifin yana tabbata ne idan mutum mai shekara 18 ko fiye yana zaune, ko yana da niyyar zama, a filin wani ba izini tare da abin hawa ko da guda ɗaya, sannan mai filin ko wakilinsa ko ɗan sanda ya ce ya tashi, shi kuma bai tashi da wuri gwargwadon iko ba, ko ya dawo kafin wata 12, ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba. Akwai sharaɗin cewa zaman ya jawo babbar ɓarna, ko babban cikas, ko babbar damuwa, ko kuma ana ganin zai iya jawowa. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko tarar da ba ta wuce fam 2,500 ba, ko duka biyun. 'Yan sanda na iya kama abin hawan su riƙe har wata uku, ko har a gama shari'a, kotu kuma na iya ƙwace shi baki ɗaya bayan ta sami mutum da laifi.

Abubuwa biyu ne a nan suka fi nauyi. Na farko shi ne kalmar "zai iya jawowa", wadda ta sa ba a bukatar a yi ɓarnar tukuna. Ya isa a yi zaton za a yi ta, kuma a garin da ganin karafan kaɗai ke sa maƙwabta su ɗauki waya, wannan zato ba ya wuyar samuwa. Na biyu shi ne kama abin hawa. Ga sauran jama'a ƙwace mota asarar dukiya ce, amma karafan shi ne ɗakin kwana da kicin, a cikinsa ake ajiye magungunan tsohuwa da kayan makarantar yara da takardun haihuwa, don haka idan aka ja shi zuwa harabar 'yan sanda da yamma, iyalin da ke ciki sun zama marasa gida kafin dare, kuma ƙaramar hukumar da ba ta tanadi zango ba ita ce za ta nema musu makwanci. Ko ba a kai ga kamawa ba, tashin da ake yi duk bayan 'yan kwanaki yana katse karatun yaro da awon mai ciki da ganin likita, a cikin al'ummar da dama ita ce a baya a fannin lafiya da ilimi a ƙasar.

Adawa da hukuncin kotu

Wani abin lura shi ne 'yan sanda kansu ba su nemi wannan iko ba. Majalisar shugabannin 'yan sanda ta ƙasa ta bayyana cewa ƙarancin zango shi ne tushen matsalar, kuma yawancin rundunonin da suka ba da amsa ba su goyi bayan mayar da abin laifi ba. Kwamitin haɗin gwiwa na majalisa kan haƙƙin ɗan Adam ya soki sashen, kwamishinar haƙƙin ɗan Adam ta ƙungiyar ƙasashen Turai ta Council of Europe a lokacin, Dunja Mijatović, ta rubuta wa majalisa tana neman a yi watsi da shi, majalisar dokokin Wales ta ƙi ba da amincewarta, matafiya kuma suka yi gangami a dandalin majalisa a Landan a Yuli 2021. Masu goyon baya, waɗanda suka haɗa da manoma da wasu ƙananan hukumomi, sun kafa hujja da kuɗin kwashe shara da gyaran filayen wasa da jinkirin kotu, kuma waɗannan koke ne na gaskiya. Inda hujjarsu ta yi rauni shi ne ba ta faɗi inda wanda aka tasa zai nufa ba.

A Mayu 2024 babbar kotu a Landan, ta bakin Mai Shari'a Swift, ta yanke hukunci a ƙarar da wata mace 'yar Romani ta shigar, ta ce hana dawowa har wata 12 wariya ce da ta saɓa wa yarjejeniyar Turai kan haƙƙin ɗan Adam. Dalilin kotun mai sauƙi ne: zangon wucin gadi ba ya barin mutum ya wuce wata uku, guraben kuma ba su da yawa, don haka hani na shekara guda yana toshe wa iyali wuri bayan wuri har su rasa inda za su sauka. Kotun ba ta rushe laifin kansa ba, kuma a tsarin Birtaniya irin wannan hukunci ba ya soke doka, sai dai ya ɗora wa majalisa nauyin gyara. Akwai kuma wata hanya da aka gwada a birnin Leeds, inda hukuma ke yarjejeniya da iyalai su zauna a wani fili na ɗan lokaci, a kawo musu banɗaki da kwandon shara, su kuma su kiyaye sharuɗɗa su tashi a ranar da aka tsayar.

Mazauna jiragen ruwa

A hanyoyin ruwa na Ingila da Wales akwai dubban mutane da ba su da gida sai jirgi. Zama a ruwa tsohon abu ne, domin a ƙarni na 19 iyalan masu dakon gawayi suna kwana a ɗan ɗakin bayan jirginsu, har aka yi dokar jiragen magudana a 1877 don duba yanayin zamansu. A shekarun baya-bayan nan tsadar haya, musamman a Landan, ta tura sababbin mutane ruwa. Hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji tsohuwar hukumar British Waterways a 2012, tana kula da hanyoyin ruwa masu tsawon kimanin mil 2,000. Wata dokar hanyoyin ruwa ta 1995 ta ba mutum damar samun lasisi ba tare da yana da matsaya ta dindindin ba, muddin yana tafiya da gaske kuma bai wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, sai da dalili. Rayuwar irin wannan mutum tana tafiya ne bisa wannan ƙirge: duk mako biyu a kwance igiya, a cire turakun ƙarfe daga gaɓa, a nemi famfon cika tanki, a kuma lissafa nisan sabon wurin daga makarantar yara da wurin aiki.

Ma'anar abin hawa da sashen ya dogara a kai ta ambaci motoci da karafan, ba ta ambaci jirgi ba. Duk da haka ƙungiyar mazauna jiragen ruwa ta National Bargee Travellers Association, wadda aka kafa a 2009, ta yi adawa da ƙudurin, kuma tsoronta yana da tushe. Gaɓar kogi, a wurare da yawa har da ƙasan kogin, mallakar wani ce, don haka ɗaura jirgi a bakin ruwa na iya zama kutse a idon doka, kuma duk ranar da aka faɗaɗa laifin daga taya zuwa ruwa, ba sai an sake wata sabuwar hujja ba. Wasu hukumomi ma sun riga sun bi wannan hanya da ƙananan dokokinsu: a 2015 ƙaramar hukumar Richmond da ke bakin kogin Thames ta mayar da wuce wa'adin ɗaura jirgi a gaɓarta laifi.

Matsin da ya fi kai wa mazauna ruwa yana zuwa ne ta hanyar lasisi. Idan hukuma ta ga jirgi bai yi nisan da ya gamsar da ita ba, tana iya taƙaita lasisinsa ko ta ƙi sabuntawa, jirgin da ba shi da lasisi kuma wata doka ta 1983 ta ba ta ikon fitar da shi daga ruwa, ko da shi ne gidan mai shi, bayan ta bi ta kotu. Dokar 1995 ba ta faɗi yawan nisan da ake bukata ba, kuma a kan wannan giɓi ake ta jayayya shekara da shekaru. A 2021 an yi zanga-zangar jirage a kogin Lee saboda wuraren da aka hana ɗaurawa da sunan kare masu tseren kwalekwale, daga Afrilu 2024 kuma hukumar ta fara ƙara wa marasa matsaya ta dindindin kuɗin lasisi fiye da na sauran. Dokar gidaje ta 2016 ta umurci ƙananan hukumomi a Ingila su riƙa duba bukatun masu zama a karafan da masu zama a jirgi idan suna tantance bukatar gidaje a yankinsu, amma ba ta wajabta musu gina zango ko matsayar jirgi ko guda ba. A Wales kuwa, dokar gidaje ta 2014 ta dawo da wajibcin tanadar zango ga matafiya inda aka tabbatar da bukata.