Darasin bidiyo na fuskar kwamfuta

Darasin bidiyo na fuskar kwamfuta hanya ce ta koyarwa inda malami ke naɗar abin da ke bayyana a kwamfutarsa tare da muryarsa, sannan ya ɗora a dandalin bidiyo irin YouTube don kowa ya amfana. Sau da yawa ba a ganin malamin, sai dai rubutu yana fitowa, murya na biye da shi. Kayan aikin kuwa manhajoji ne da aka saba da su a ofis, kamar PowerPoint da Excel da manhajar zane.

Tarihi

Ba don aji aka ƙirƙiri PowerPoint ba. Robert Gaskins da Dennis Austin ne suka haɗa ta a kamfanin Forethought domin masu gabatar da bayani a taron kasuwanci. Ta fito a 1987, a shekarar kuma Microsoft ya saye kamfanin kan dala miliyan 14. Manhajojin naɗar fuskar kwamfuta irin su Camtasia sun fara yaɗuwa wajajen farkon shekarun 2000, amma malami kan rasa inda zai ajiye bidiyonsa jama'a su gani. Buɗe YouTube a 2005 ne ya kawar da wannan cikas.

Sunan da ya fi shahara a nan shi ne Salman Khan (ba jarumin fina-finan Indiya ba), wanda a da ma'aikacin wani kamfanin zuba jari ne a Amurka. A 2004 ya fara koya wa wata yarinya daga cikin danginsa lissafi daga nesa, ta wayar tarho da allon zane na Yahoo Doodle. Da sauran dangi suka nemi shiga, lokaci ya yi masa kaɗan, sai a 2006 ya koma ɗora darussan a YouTube. Da manhajar zane ta Microsoft Paint ya fara, yana rubutu mai launi a kan baƙin shafi, daga baya ya koma wata manhajar zanen mai suna SmoothDraw. A lokacin YouTube ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 10, wannan ƙa'idar ce ta tilasta masa tsaga darasi gunduwa-gunduwa, kuma ta zama alheri ga ɗalibai. Ya yi wa ƙungiyarsa ta koyarwa ta intanet, Khan Academy, rajista a 2008, ya ajiye aikinsa a 2009, sannan a 2010 Google ya ba shi tallafin dala miliyan 2.

Wasu malaman kimiyyar sinadarai biyu, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, sun bi ta wata hanyar. Wajajen 2007, a makarantar sakandaren Woodland Park ta jihar Colorado a Amurka, suka riƙa naɗar darussansu na PowerPoint saboda ɗaliban da wasanni ke hana su zuwa aji. Daga nan tsarin nan ya bunƙasa na ɗalibi ya kalli darasi a gida, ya zo aji ya yi aikin a gaban malami. Aikinsu ya cancanci a riƙa tunawa da shi, don bukatar ɗalibansu ce ta haife shi.

Amfani a yau

Tun daga PowerPoint 2010 ana iya mayar da shafuka bidiyo kai tsaye. Rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona ya sa malamai da dama rungumar hanyar.

Muhawara

Binciken Philip Guo da abokan aikinsa na 2014 kan bidiyoyin edX, wani dandalin karatu ta intanet, ya nuna hankalin ɗalibai na raguwa bayan kimanin minti 6, kuma rubutun hannu irin na Khan ya fi shafukan PowerPoint riƙe mai kallo. Masu suka na cewa kallo kaɗai ba ya tabbatar da fahimta, kuma tsadar data na hana talakawa cin moriyar tsarin. Magoya baya na kafa hujja da damar da ɗalibi ke da ita ta tsayar da bidiyo ya maimaita.