Kwamitin Kula da Makaranta

Kwamitin kula da makaranta, wanda aka fi sani da SBMC a Najeriya, taron mutanen gari ne da ke sa ido a kan harkokin makarantar gwamnati da ke yankinsu, musamman firamare da ƙaramar sakandare. Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai ta PTA, domin ita ta iyayen da 'ya'yansu ke makarantar ce, shi kuwa kwamitin ya haɗa har da waɗanda ba su da ɗa ko jika a cikinta.

Asali

An ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a shekarar 1999, a mulkin Olusegun Obasanjo. Dokarsa ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, ta kafa hukumar UBEC mai kula da shirin a matakin tarayya, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Sai dai tsakanin ofishin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB) da ke babban birnin jiha da makarantar ƙauye akwai tafiya. Rufi ya yaye ko malami ya yi ɓatan dabo, kafin labari ya kai sama zango ya ƙare. Wannan giɓi ne ya sa Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince a kafa kwamitocin a tsakiyar shekarun 2000.

Da yawa daga cikinsu suna kawai suka tara. Inda suka ɗan motsa shi ne inda aka horar da mambobi, kamar a shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 a jihohin Kano, Kaduna, Jigawa, Kwara, Legas da Enugu.

Mambobi da aiki

A tsari, kwamiti kan ƙunshi hedimasta, wakilan malamai, wakilin mai unguwa ko dagaci, malaman addini, mata, masu sana'a, tsofaffin ɗalibai, wakilan PTA, da ɗalibai biyu, mace da namiji. Ba a biyan kowa albashi. Kwamiti ne ke tsara abin da makaranta ta fi buƙata a shekara, ya bi diddigin kuɗin da suka shigo, ya kai kuka ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Ba shi da ikon ɗaukar malami ko korarsa.

Aikin da ya fi tasiri galibi ƙarami ne. Mamba ya leƙa makaranta da ƙarfe takwas na safe ya duba rajistar malamai, ya ga wa ya sa hannu, wa aka sa masa. Mata su shiga gida su zauna da uwar yarinyar da ta bar aji ta koma tallar awara, su ji dalili: wani lokaci kuɗin yunifom ne, wani lokaci rashin banɗaki ne ga yarinyar da ta fara girma. Namiji ba ya samun wannan zance daga zaure, shi ya sa kwamitin da matansa 'yan rakiya ne yake rasa rabin labarin makarantarsa.

A Nijar

Takwaransa a Jamhuriyar Nijar shi ne COGES, wanda daga baya aka koma kira CGDES. Wani shiri da hukumar JICA ta Japan ta fara a jihar Tawa a 2004 ya kawo zaɓen shugabannin kwamiti ta ƙuri'ar asiri, maimakon a bar kujerar ga wanda ba a iya yi wa musu a bainar jama'a. Daga baya tsarin ya bazu a faɗin ƙasar.

A can ne kuma aka ga iyakar abin. Binciken Elizabeth Beasley da Elise Huillery kan tallafin kuɗi da aka ba kwamitoci a jihohin Tawa da Damagaram ya nuna iyaye sun ƙara himma, amma sakamakon jarrabawar yara bai ɗaga ba, halartar malamai ma ta ɗan ragu. Manomin da bai yi boko ba yana iya gyara katanga, amma tsayawa gaban malamin da gwamnati ke biya ya tuhume shi abu ne mai nauyi.

Batun koyo

Nan ne muhawarar ta fi zafi. Benci da fenti ana ganinsu da ido, don haka kwamitoci sukan karkata gare su, alhali yaro na iya kai aji huɗu a sabon gini bai iya karanta jimla ɗaya da Hausa ba. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun mai da hankali ga koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko. A Kano an gwada salon ƙungiyar Pratham ta Indiya a Wudil da Dawakin Tofa, inda ake raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Gwajin nasa takarda ɗaya ce mai haruffa, kalmomi da ɗan gajeren labari, kuma duk mamban da ya iya karatu zai iya zama da yaro a gindin bishiya ya gwada shi cikin 'yan mintuna.