Waiwaye: Yadda Siyasa Ta Tara wa Sojojin Saman Najeriya Jirage Daga Gabas da Yamma

Duk wanda ya duba jiragen Rundunar Sojin Saman Najeriya a yau zai ga na Sin da na Pakistan da na Rasha da na Turkiyya da na Amurka suna aiki a ƙarƙashin tuta ɗaya, kuma wannan gamin gambiza ya samo asali ne tun daga kafuwar rundunar.

An kafa ta a hukumance a watan Afrilun 1964, bayan da aikin wanzar da zaman lafiya a Kwango ya nuna wa hukumomi illar dogaro da jiragen wasu wajen jigilar dakaru. Jamus ta Yamma ce ta ɗauki nauyin horaswa, har ma Bajamushe, Kanar Gerhard Kahtz, shi ne shugabanta na farko, kafin ragamar ta dawo hannun ɗan ƙasa, George Kurubo, a 1966. Jiragen lokacin ƙanana ne na koyo da kai saƙo, irin su Dornier 27.

Yaƙin basasa ne ya sauya komai. Da aka fara gwabzawa a 1967, Birtaniya da Amurka sun ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, sai Tarayyar Soviet ta cike gurbin da MiG-17, waɗanda aka sauke a Kano, aka kuma samo L-29 daga Cekoslobakiya, matuƙa 'yan Masar suka tuƙa da yawa daga cikinsu. A ɓangaren Biyafara kuwa, wani ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya ɗaura rokoki a ƙarƙashin fikafikan ƙananan jiragen koyo, ya riƙa shawagi dab da kan bishiyoyi yana kai wa filayen jiragen Fatakwal da Benin da Inugu farmaki a 1969.

Kuɗin man fetur sun kawo MiG-21 da manyan jiragen jigila C-130 a tsakiyar shekarun 1970, sannan Alpha Jet, sannan Jaguar guda 18 daga Birtaniya a 1984. A nan ne, a ganina, babban darasin yake, domin waɗannan Jaguar masu ɗan karen tsada ba su yi shekara goma suna tashi ba aka jingine su saboda tsadar gyara da rashin kayan gyara, alhali Alpha Jet, wanda asalinsa jirgin horaswa ne, shi ya ɗauki nauyin yaƙin ECOMOG, rundunar wanzar da zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya da Saliyo, ya kuma kai har zamanin Boko Haram. Haɗarin C-130 a Ejigbo ta Legas, ranar 26 ga Satumba 1992, ya halaka fiye da mutum 150, akasarinsu hafsoshi ɗaliban kwalejin Jaji.

Rikicin Arewa maso Gabas ya tarar da rundunar da jirage kaɗan masu lafiya, ga kuma F-7 na Sin da ba a ƙera su don farautar mayaƙan daji ba. A 2014 Amurka ta hana a sayo jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila bisa zargin take haƙƙin ɗan Adam, kuma harin kuskure da aka kai sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017 ya ƙara jinkirta cinikin jiragen yaƙi samfurin Super Tucano daga Amurka. Sai a 2021 guda 12 suka iso, aka girke su a Kainji, a shekarar da aka ƙaddamar da JF-17 guda uku daga Pakistan a Makurɗi. Daga baya jirage masu saukar ungulu T129 na Turkiyya suka biyo, aka kuma ƙulla cinikin M-346 guda 24 da Italiya.

Kowane samfuri daga cikin waɗannan yana buƙatar injiniyoyinsa da horonsa da rumbun kayan gyaransa daban, kuma da yawa daga cikin kayan sai da amincewar gwamnatin ƙasar da ta ƙera su ake samunsu. Yunƙurin ƙera na gida, kamar jirgi marar matuƙi Tsaigumi da aka ƙaddamar a Kaduna a 2018, bai kai ga rage wannan dogaro ba tukuna.