Shingen da ke tare sabuntawa kafin ta iso kwamfutarka

Ɗaliban kwamfuta a Jami'ar André Salifou da masu gyaran na'ura a cikin Damagaram sun fara ɗora Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, kuma ga tambayoyin da suka fi yi a kan rassan da ake gina tsarin a cikinsu.

Mene ne reshen gini, kuma me ya sa yake yawan lalacewa?

Wuri ne da sabbin manhajoji ke fara sauka. Linux iri-iri ne, kamar Fedora da Debian da openSUSE. A Fedora sunan reshen Rawhide, a Debian kuma sid. Kullum mutane ɗaruruwa ne ke zuba canje-canje a ciki. Mutum guda ya sabunta wata manhaja da wasu da yawa suka dogara da ita, sai gari ya waye kwamfutoci sun ƙi tashi. Shi ya sa aka kafa shingen gwaji da ke tare sabuntawa.

To yaya shingen yake aiki?

Kamar shingen duwan ne a hanyar Magarya: kaya ba sa wucewa sai an buɗe an duba. A Debian, manhaja takan zauna kwana 5 a sid kafin ta shiga testing, reshen da ake shirya fitowar Debian ta gaba a cikinsa. Wani shiri mai suna britney ne ke tsaron ƙofar. Yana duba ko ta ginu, ko an kai ƙarar babbar matsala a kanta, sannan yana duba gwaje-gwajen autopkgtest, waɗanda na'ura ke yi da kanta, nata da na manhajojin da suka jingina da ita. Idan ta ci gwajinta, jiran kan ragu zuwa kwana 2.

openSUSE da Fedora suna amfani da wani shirin gwaji mai suna openQA, wanda ni ya fi burge ni. Yana kunna kwamfutar gwaji a cikin wata kwamfutar, ya girka tsarin, ya danna maɓallai kamar mutum, ya kwatanta abin da ya fito a allo da hotunan da aka ajiye masa. Idan sabuntawa ta faɗi, Bodhi, shirin da ke sakin sabuntawa a Fedora, ba zai sake ta ba.

Idan gwajin ne ya yi kuskure fa?

Yana faruwa. Mai kula da manhajar na iya ɗage shingen, amma sai ya rubuta dalili, kowa ya gani.

Wato duk abin da ya wuce lafiyayye ne?

A'a. A watan Maris 2024 aka gano ɓoyayyiyar ƙofa, wato hanyar kutse ta sirri, a manhajar matse fayiloli ta xz, fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, bayan ta shiga Rawhide da Tumbleweed na openSUSE da testing na Debian. A cikin fayilolin gwaji ma aka ɓoye ta. Injiniya Andres Freund ne ya kama ta, da ya lura shiga ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara kusan rabin daƙiƙa. Na'ura tana gane abin da ya karye, ba ta gane mugun nufi.

In ɗora Rawhide a kwamfutata?

Idan ita kaɗai gare ka, kar ka yi. Sabuntawar tana cin mega kusan kullum, ga ɗaukewar wuta ana tsakiyar girkawa. Ka zauna a kan Debian stable, wato fitowar da aka kammala, ka gwada Rawhide a cikin VirtualBox, manhajar da ke kunna kwamfutar gwaji a cikin taka.