Ɗafa-goshi a Turanci: tambayoyin da ɗalibai suka fi yi

Mene ne ɗafa-goshi tukuna?

'Yar gaɓa ce da ake liƙa wa kalma a gaba, sai ma'anarta ta sauya. Mu ma muna da shi: daga noma muka samu manomi, daga buɗewa mabuɗi, daga Kano Bakano. Turawa suna kiransa prefix, kuma nasu ya fi namu yawa nesa ba kusa ba, domin harshen ya ci bashin kalmomi daga Latin da Girkanci, sannan Faransanci ya kwararo masa bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066.

Me ya sa ake cewa unhappy amma impossible, alhali duka korewa ce?

Asalinsu ne ya bambanta. Un- ɗan gida ne, tun tsohon Turanci yake nan. In- baƙo ne daga Latin, kuma hawainiya ne, yana rikiɗa ya bi harafin da ke gabansa. Kafin p, b ko m ya zama im-, kamar impossible da immature. Kafin l ya zama il-, illegal. Kafin r kuwa ir-, irregular. Malaman Hausa suna kiran irin wannan naso. Faɗi "gidan Bala" da sauri ka ji bakinka: "gidam Bala" ne ke fitowa, leɓɓa sun riga sun haɗu don b. Shi ke nan abin da ya faru da impossible.

Sai dai kar ka ce ka kama ƙa'ida. Ana cewa unable amma inability, unjust amma injustice. Waɗannan ba su da wata dabara, hadda ce kawai.

Na ga an rubuta Highly Inflammable a bayan tankar mai. Ke nan man ba ya kama wuta?

Kul! Nisanta da ashana. In- guda biyu ne a Turanci, kamanninsu ɗaya amma ba 'yan uwa ba ne. Ɗaya na korewa, ɗaya na nufin "cikin", shi ne na include da inject. Na inflammable wannan na biyun ne, daga kalmar Latin mai nufin cinna wa abu wuta. Saboda haka inflammable da flammable abu ɗaya suke faɗa, wanda ba ya kamawa kuwa non-flammable. A ganina wannan ce kalmar da ta fi kowace haɗari ga mai yin fassara da ka, tun da kuskuren ba a takardar jarrabawa yake tsayawa ba.

Re- kullum maimaitawa yake nufi?

Galibi, kamar rewrite da rebuild. Amma ɗan ƙwallon da ya yi re-sign ya sabunta kwantaraginsa ne, wanda ya yi resign kuwa ya ajiye aiki. Ɗan karan nan na tsakiya ne ya raba su.

Yaya zan daina kuskuren s biyu a jarrabawar WAEC?

Raba kalmar gida biyu, kar ka ƙara harafi, kar ka rage. Dis- da appoint, s ɗaya: disappoint. Dis- da satisfied, s biyu: dissatisfied. Mis- da spell ma biyu ne, misspell, kalmar da take nufin kuskuren rubuta kalma, kuma ita kanta ba ta tsira daga hannun ɗalibai ba.