Harsasan da bindigar raifil mai ja-da-turawa ke ɗauka

Bindigar raifil mai ja-da-turawa ita ce wadda mai harbi ke jan marikin da ke ƙarƙashin bututu baya don fitar da kwanso, ya tura shi gaba don ɗura sabon harsashi. Tunda hannu ne ke yin aikin, ba ƙarfin albarushi ba, harsashi mai rauni ba ya hana ta aiki. Amma wannan sauƙi yana da iyaka, kuma iyakar tana rubuce a jikin bututun: sunan harsashin da aka buga a wurin shi ne wanda aka ƙera mazaunin harsashi, wato gurbin da yake zama a gindin bututun kafin harbi, dominsa.

Shigar harsashi cikin mazauni ba hujja ba ce cewa ya dace. Bindigar .357 Magnum tana harba .38 Special, domin kaurinsu ɗaya ne kuma kwanson .38 ya fi gajarta, amma akasin haka ba ya yiwuwa. Ƙungiyar SAAMI ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai, wadda aka kafa a 1926, ta yi gargaɗi kan harba 5.56 na soja a mazaunin da aka yi wa alamar .223 Remington kaɗai, saboda matsin yana iya wuce ƙima. Mafi muni shi ne .300 Blackout: yana iya zama daram a mazaunin .223, alhali kansa ya fi ramin bututun faɗi, sai bindigar ta tarwatse a hannun mai ita. Haka kuma .22 LR a mazaunin .22 Magnum yakan tsage kwanso.

Ma'ajiyar harsasai ma tana da sharaɗinta. A irin wadda take da siffar bututu, harsasai na jeruwa ne kan wannan a gindin wancan. Idan kan mai tsini ne, girgizar harbi na iya sa ya soki ƙyastun da ke gindin na gabansa, wato abin da ke kunna albarushi, ya tayar da shi, shi ya sa ake zaɓar masu faffaɗan kai. Kamfanin Remington ya yi wa samfurinsa na Model 14 murɗaɗɗiyar ma'ajiya don kauce wa wannan. Model 760 na 1952 da magajinsa 7600 kuwa ma'ajiyarsu akwati ce mai cirewa, don haka tsini ba ya damunsu.

Tsawo ma abin lura ne. Winchester Model 1890 kowace an yi ta ne don nau'i ɗaya na .22, kuma wani tsawon daban yakan maƙale wajen ɗurawa.

Bindigar da aka saya hannu na biyu ita ta fi bukatar taka-tsantsan, domin mai yiwuwa an sake faɗaɗa mazauninta ba a canza rubutun ba. Ƙwararren mai gyaran bindiga yakan zuba narkakken ƙarfe mai laushi a mazaunin, ya ciro siffarsa ya auna, kafin a saka mata harsashi ko ɗaya.