RTK: Auna ƙasa da tauraron ɗan adam a aikin safiyo da ginin hanya

RTK wata dabara ce da ma'aikatan safiyo da injiniyoyin hanya ke amfani da ita su san ainihin inda wuri yake a doron ƙasa nan take, kuskurenta baya wuce santimita 1 zuwa 2 in komai ya tafi daidai. GPS ɗin cikin wayar hannu kam yakan kauce da mita 3 zuwa 5, ya isa ya kai mutum unguwar da yake nema amma ba'a kafa turken hanya dashi.

Na'ura biyu ake haɗawa. Ɗaya a girke ta akan turken da an riga an san lissafinsa, ɗayar kuma ma'aikaci na yawo da ita a saman sanda, dukansu suna karɓar sigina daga taurari iri ɗaya, wato GPS na Amurka da ke shawagi wajen kilomita 20,200 a sama, da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin. Tunda ta zaunen ta san inda take, duk karkacewar da ta gani sai ta turawa ta yawon gyara ta rediyo ko intanet. Sirrin kuwa shine siginar kamar igiyar ruwa take tafiya, su kuma suna ƙirga zangon igiyar ne tsakanin tauraro da na'ura, wanda a L1, ɗaya daga layukan da taurarin GPS ke aiko da sigina, tsawonsa kamar santimita 19 ne. In na'ura ta gano adadin zangon daidai allo zai nuna Fix, in Float ya nuna, wato bata gama ganowa ba, toh a dakata, don kuskure na iya kai gomman santimita. Nisa ma na da tasiri, kowace kilomita tsakanin na'urorin biyu na ƙara kusan milimita 1, shi yasa ba'a cika son wuce kilomita 10 zuwa 20 ba.

Inda RTK ke da rauni sosai shine tsayi. Taurarin duk a sama suke, babu ko ɗaya ta ƙarƙashi da zai daidaita lissafin, don haka kuskuren tsayi kan kusa ninka na kwance, santimita 2 zuwa 3 ba abin mamaki bane. Ga hanya kuma tsayi shine komai, don gangaren da ake yi wa kwalta daga tsakiya zuwa gefe yawanci kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai, a faɗin mita 3.5 bai kai santimita 9 ba, kaga in aka yi asarar santimita 3 a ciki ai ruwan sama zai kwanta ya fara cin kwaltar. Wannan yasa share fili da cikon ƙasa da jan gireda duk ana yinsu da RTK hankali kwance, amma shimfiɗar ƙarshe da bakin kwalbati da lambatu gara a koma ga na'urar lebur ta ido, kuma a ganina ɗan kwangilar da ya tsallake wannan don sauri ya cuci masu bin hanyar.

Bishiyoyi masu duhu da dogayen gine-gine da rufin kwano suna tare sigina ko su dawo da ita a karkace. Ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin su Najeriya suna da ƙarin matsala, saman sararin samaniya kan hargitse bayan faɗuwar rana musamman a shekarun da rana ke tsananin aiki kamar 2024, sai Fix yayi ta ɓacewa.

Sai batun ma'auni. Tsofaffin taswirorin Najeriya akan ma'aunin Minna aka yi su, wato tushen da ake lissafa matsayin wurare daga gareshi, GPS kuma wani daban mai suna WGS84 yake bi, in ba'a juya lissafin ba turke na iya kaucewa da gomman mitoci alhali allo na nuna Fix. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya na da tashoshin dindindin masu yin aikin na'urar zaunen, da ake kira NIGNET, ɗaya na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, amma duk da haka ƙa'idar aiki ita ce kowace safiya a fara ɗora sanda akan turken da aka sani, a sake gwadawa kafin a tashi.